An raba injin taliya, amma 'yan talla ba su ragu ba

Maman Ikram, Sheka: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ke cina, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Kwanan nan an yi taron tallafa wa mata a mazaɓarmu. An kafa rumfuna, an raba kekunan ɗinki da injin taliya da na markaɗe, an ɗau hotuna, kowa ya watse. Ban raina ba, Allah ya saka wa wanda ya bayar. Amma ni malama ce a ƙaramar sakandaren 'yan mata ta gwamnati, kuma abin da rajista ke nuna min daban ne. Yarinya za ta shigo aji ɗaya da ƙwazonta, a aji biyu ta fara fashi, kafin jarrabawar aji uku sai ki tsince ta a bakin titi da bokitin awara. In kin bi ta gida, uwar ba ƙin boko take ba. Cewa za ta yi, "Malama, in ta zauna a aji wa zai fitar min da sana'ar? Kayan ɗakinta kuma wa zai yi?" To irin matar nan ce aka miƙa wa injin taliya. Taliyar da za ta murza ta dafa, wa zai kai ta bakin titi? Yarinyar nan dai. Shi ne nake tambaya, tallafin nan aji yake mayar da yara ko ƙara fito da su yake?

Baban Sadiq, Kwari: Wa alaikumus salam. Malama, ku ma dai ba a iya muku. Ba a bayar ba ku ce an manta da mata, an bayar ku ce ba haka ake yi ba. Injin nan ko ba komai zai sa tukunya ta hau wuta a wani gidan.

Maman Ikram: Alhaji ban ce a daina ba. Cewa na yi a duba kan wa kayan ke sauka.

Ɗan Kurna: Shi ke nan, 'yan feminis sun shigo zaure 😂

Admin: Ɗan Kurna, ka kawo hujja ko ka yi shiru ka karanta. Malama tambaya ta yi.

Hajiya Yaya, Yakasai: Jikata ce ke rubuta min, ni idon ya yi rauni. Maman Ikram 'yata, abin da kika gani ya girme ki, ya kusa girmata. Mu nan cikin gari muka tashi iyayenmu mata suna kulle, amma babu wadda ke zaune hannu rabbana. Wata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata ɗinkin hula, wata fura, wata alkaki. Mace ba ta fita, kuɗinta ne ke fita ya dawo, kuma a kan 'yarta yake tafiya. Ni na yi tallan ƙosai da safe, da yamma dafaffiyar gyaɗa. Ribar ba ci ake ba, asusu ake sa ta, a zuba adashi, in an kwasa a sayi tasa ko fanteka a tura ƙarƙashin gado. Haka ake tarawa har ranar jere. Da aka kawo UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 aka ce kowane yaro ya tafi makaranta, rigimar da aka yi a gidaje da yawa ke nan. Mutane suna cewa tsoron boko ne, da shi ɗin, amma wasu matan lissafin cinikinsu suke. An ɗauke musu ƙafa ba a ba su wata ba.

Bambancin kawai, a da gadon ƙarfe da 'yan kwanuka da tabarma sun kai yarinya ɗaki. Yanzu jikokina sai an ce kujeru, sai firji, sai kayan kicin kala kaza, sai labule na falo daban na ɗaki daban, ga gara a bayansa. In ba a yi ba dangin miji su yi ta gori har ta haihu.

Ummu Hanan: Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. Gorin nan ya kashe aure ba ɗaya ba a danginmu.

Ustaz, Gwammaja: Bismillah. Hajiya Allah ya ƙara lafiya. Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani. Wurin zama da ci da sutura duk a wuyan miji shari'a ta ɗora su. Abin da malamanmu na Malikiyya suka ce game da kayan ɗaki shi ne mace ta yi shi gwargwadon sadakin da ta karɓa. Wannan tulin da ake jibga wa uwa har ta fitar da 'yarta titi, mu muka ɗora wa kanmu.

Neman ilimi kuwa ba sai wani ya zo daga Turai ya koya mana ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar magana a Nurul Albab a kan malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato mata jagorori, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ta rasu tun 1864.

Inda nake taka-tsantsan shi ne shirye-shiryen da ke zuwa daga waje da kuɗinsu da sharuɗɗansu. Ba duk abin da aka rubuta a tarukan duniya kan mata a Beijing ko New York ne zai zauna a Gwammaja ba.

Ɗalibin BUK: Allah ya gafarta Malam, to mu bar Turai, mu ɗauki ƙasar Musulmi talaka irin tamu. Bangladesh, kusan kashi 90 cikin 100 Musulmi ne, aurar da yara da wuri ya yi musu katutu. A 1994 suka faɗaɗa wani shiri a yankunan karkara: a biya wa yarinya kuɗin sakandare, a kuma riƙa sa mata ɗan alawus a asusun banki da sunanta. Sharaɗi uku ne. Ta halarci aji aƙalla kashi 75 cikin 100 na kwanakin karatu, ta ci kashi 45 a jarrabawa, kuma kada a aurar da ita kafin ta gama. Cikin 'yan shekaru 'yan mata suka kamo maza a sakandare, har suka wuce su. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne. Abin da ya yi shi ne ya sauya lissafin gida, zaman yarinya a aji ya zama yana kawo wani abu maimakon ya zama asara zalla. Daidai inda Malama Maman Ikram ta taɓo ke nan.

Nan ma an kwaikwayi wani abu mai kama da shi. Shirin AGILE na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kano na cikin jihohi bakwai na farko, tare da Katsina, Kaduna, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti. Akwai gyaran makarantu a ciki, akwai tallafin kuɗi ga iyalan 'yan mata marasa ƙarfi bisa sharaɗin zuwa makaranta.

Baban Sadiq: Bashi ne fa wannan, ɗan samari. Jikokinka ne za su biya.

Ɗalibin BUK: Bashi ne Alhaji, ban musa ba. Amma an ciyo bashin da ya fi wannan an yi abin da ba mu gani ba.

Maman Ikram: Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda "kyauta" take a ƙasa. Tun 2019 gwamnatin Kano ta ce ilimi kyauta ne kuma dole, daga firamare har sakandare, a 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Madalla. Amma uwa ba takardar gwamnati take dubawa da asuba ba. Kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa take dubawa, da kuɗin tara, da yunifom da hijabi, da littattafan rubutu, da takalmi. Ta haɗa wannan da cinikin da za ta rasa na ranar.

Sai wani abu da maza ba sa kawowa a lissafi. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da banɗakinta ba ƙofa, ba ruwa. Yaran da suka fara al'ada duk wata sai sun yi fashin kwanaki, saboda ba audugar mata, ba inda za su gyara jikinsu. Wata yarinya ta taɓa ƙin tashi daga benci har aka tashi makaranta, kowa ya fita, ina tambayarta tana sunkuyar da kai. Sai da na gane na ciro mayafina na ba ta ta ɗaura a ƙugu, na raka ta bakin ƙofa. Ba ta dawo ba sai bayan sati. Irin wannan fashin ne ke taruwa, darasi ya wuce ta, ta faɗi jarrabawa, a gida a ce ai ga shi nan ba ta da kai, gara ta kama sana'a.

Anti Nas: Ni ungozoma ce, bari in faɗa muku inda labarin yake ƙarewa, don wurinmu yake ƙarewa. Mutum zai kawo matarsa tana naƙuda, ya tsaya a bakin ƙofa yana rantsuwa namiji ba zai duba masa iyali ba. Na fahimce shi, ni ma na fi son mace ta duba ni. Amma in ka tambaye shi ina 'yarsa, ya cire ta a aji uku. To likita macen da yake nema, 'yar wa yake so ta zama?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2020 kaɗai, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Kuma kun san ba a Legas abin ya fi tsanani ba. Abin da ke kashe su sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, ciwon da ke shiga bayan haihuwa. Yawancinsu ana iya tare su in an zo da wuri. Matsalar ita ce zuwa da wurin. An taɓa kawo mana wata bayan ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida, don maigidan ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin cewa a fita da ita. Uwar mijin tana nan, ƙannensa suna nan, kowa na jiran izini. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba, ta kuma tashi da yoyon fitsari. Wanda yake ganin ƙari nake, ya je sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala ya ga shekarun yaran da ke kwance.

Macen da ta yi karatu ko na sakandare ne ta san ranar awonta, tana karanta abin da aka rubuta a katinta, ta san kumburin ƙafa da ciwon kai mai tsanani ba na zama a gida ba ne. Kuma ta fi iya buɗe baki tun ciki yana ƙarami ta ce, Malam, ka bar min izini ko ba ka nan.

Ummu Hanan: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya.

Ustaz: Amin. Anti, wannan jahilci ne aka sa masa rigar addini. Babu malamin kirki da zai ce a jira izini rai yana fita. Ceton rai yana gaba.

Anti Nas: To Malam ku faɗa a mumbari, don Allah. Mu in mun faɗa cewa ake 'yan boko ne.

Baban Sadiq: Duk na ji. Amma ku bari in faɗi tawa, kada a mayar da maza dodanni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 magidanci nawa ne ke iya ciyar da gidansa sau uku? Ku zo Kwari ku ga masu digiri suna dako, suna jiran shago. Da yawa cikin masu jan adaidaita sahu a garin nan da takardunsu a gida. Namijin ma da ya yi bokon bai samu aiki ba, sai ka ce wa talaka ya bar 'yarsa shekara shida a sakandare, ya hana ta tallan da ake cin abinci da shi, ya kuma kori mai sonta da aure? In ta gama ta zauna ba aiki ba miji, ku ne za ku riƙe ta? Sannan yara maza fa? Almajiran da ke kwana a ƙarƙashin gada ba 'ya'ya ba ne? Kowace ƙungiya ta zo sai 'ya mace, 'ya mace.

Barista, Gwale: Alhaji, maganarka ta almajirai gaskiya ce, a buɗe mata zaurenta mu yi ta. Amma yunwar wani ba ta ƙosar da wani.

Ina so in koma kan kayan ɗaki, don ina ganin mun yi saurin yanke wa iyaye mata hukunci. Ina zuwa kotunan shari'ar Musulunci a garin nan kan shari'o'in aure, kuma abin da nake gani shi ne: ranar da aka saki mace, gidan nasa ne ko na haya da sunansa, shagon nasa ne. Abin da ake lodawa a akori-kura a bi ta da shi, gadonta ne da kujerunta da kwanukanta. Su za ta sayar ta ja jari, su za ta sayar ta kai yaro asibiti. Uwar da ke tura 'yarta talla don kayan ɗaki ba wauta take ba, ta san garin da take ciki, wataƙila ita ma an taɓa loda nata. Ajiya take yi wa 'yarta ta ranar da ba a fata. Don haka ko shekara za a yi ana wa'azin a rage kayan ɗaki, ba za ta rage ba sai ta ga wani abin da 'yarta za ta dogara da shi.

Kuma abin dogaron yana nan a shari'a, aiwatarwa ce babu. Ciyar da ita a lokacin idda, a ɗakinta. Ciyar da 'ya'ya bayan rabuwa, wanda alƙali zai yanka wa uba wani abu a wata, ya biya sau biyu ya ɓace, ita kuma ba ta da kuɗin motar zaryar kotu. Sai gado. Allah ya yanka wa mace rabonta a Suratun Nisa'i, amma sau nawa ake cewa "a bar gidan a haɗe", ko "gonar tana hannun yayanku", shekara ashirin ba ta ga ko kwano ɗaya na amfanin ba? In ta yi magana a ce ta kai 'yan uwanta ƙara, ta zubar da zumunci. Da matan Kano suna karɓar gadonsu cikakke a kan lokaci, da yawansu ba za su tsaya layin injin taliya ba.

Gwamnati ma ta san inda gizo ke saƙar. Auren gata da aka yi wa mutum 1,800 da amarensu a Oktoban 2023, me aka ba su? Gado, katifa, kayan ɗaki, sadaki da ɗan jari. An yarda ke nan cewa kayan ɗaki ne ke tsaye a ƙofa.

Hajiya Yaya: Barista, Allah ya yi miki albarka. Abin da na kasa faɗa ke nan. Ni da kwallayena na sayar na biya wa autana kuɗin makarantar koyon jinya bayan rasuwar mahaifinsu.

Ɗan Kurna: To ai Sarki Sanusi ya kawo maganar dokar iyali tun 2017, har da cewa wanda ba shi da hali kada ya ƙara aure. Ku tuna yadda gari ya ɗauka.

Barista: Ka ga yanzu ka kawo magana. An yi ca a kansa, amma matsalar da ya nuna ba ta tafi ko'ina ba. Wasu abubuwan dai sun motsa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kano ba ta sa hannu a tata ba sai 2023. A 2024 an yi dokar gwajin lafiya kafin aure, ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Ana tafiya, sai dai a hankali. Kuma dole ta yi jinkiri: kujeru 40 ne a majalisar dokokin jihar nan, zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya ba. Majalisar dattawa mata 4 cikin 109. A Maris ɗin 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. Amma ranar zaɓe ku duba layin wa ya fi tsawo a akwatin unguwarku.

Ɗalibin BUK: Ruwanda mata sun haura kashi 60 cikin 100 a majalisar wakilansu. Senegal, ƙasar Musulmi, ta yi dokar raba takara daidai tsakanin maza da mata a 2010.

Ustaz: Yawan kujera ba shi ne adalci ba. Mace za ta iya hawa kujerar ta manta da 'yar talla kamar yadda namiji ya manta. Ni dai a bar kowa a inda ya dace da shi.

Barista: Allah ya gafarta Malam, za ta iya mantawa, amma da wuya a yi kasafin gina makaranta tana zaune a manta da ƙofar banɗaki. Kuma "inda ya dace" ɗin nan yana matsawa. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a jam'iyyar NEPU a kan haka. A lokacin cewa ake bai dace ba. Yau wane ɗan takara ne zai ce mata su zauna a gida ranar zaɓe? Mai shari'a Aloma Mukhtar daga kotunan Kano ta taso har ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. A 2023 an rantsar da Mai shari'a Dije Aboki babbar alƙaliyar jihar nan. Sama ba ta faɗo ba.

Admin: Jama'a mun fara gangarawa siyasa. A dawo kan talla da makaranta.

'Yar Hotoro mai turare: Ni ina ta karatu ban ce komai ba, amma maganar Baba Alhaji ta cewa boko bai ba da aiki ba ta taɓa ni. Baba, sakandare kawai na gama, ban taɓa aikin albashi ba. Humra da turaren wuta nake haɗawa a ɗakina. Ina sa hoto a WhatsApp da Instagram, a turo kuɗi ta asusuna, in ba ɗan aike ya kai, na nesa in kai tasha a sa a mota. Ina da masu saye a Kaduna da Abuja da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ina rubuta abin da na kashe a kan kwalba da itace da miski, in fitar da riba. Mahaifiyata ta fi ni iya haɗin nesa ba kusa ba, a wurinta na koya, amma ba ta karatu, saƙon banki ma sai an karanta mata, shi ya sa duk rayuwarta sai da 'yar talla. Ni ƙanwata tana aji biyar, ba ta taɓa ɗaukar tire ba. Karatun bai ba ni ofis ba, ya ba ni kasuwar da ba sai na aiki yarinya ba.

Baban Sadiq: 'Yata Allah ya ƙara buɗi. Amma turare daban, awara daban. Wa zai sayi awarar naira ɗari ta Instagram?

'Yar Hotoro mai turare: 😂 Gaskiya ne Baba, wannan kam sai da zafinta.

Hajiya Yaya: To ai ba yau aka fara ba. Da akwai dillalai, manyan mata, yawanci zawarawa ko waɗanda miji ya rasu, su ke bin gida-gida da kayan matan kulle, a sayar a ba su la'adarsu. Me zai hana matan layi guda su haɗa kai, a samu babbar mace ɗaya ko biyu su zauna da teburi a bakin makarantar firamare ko bakin kasuwa, mai awara ta kawo, mai ɗanwake ta kawo, da yamma a yi lissafi? Ita ta samu abin yi, yara sun tafi aji. Babbar mace kuma ba mai ja mata hijabi a lungu ko a gareji. Don wannan ma wani abu ne da ba ma son faɗa, abin da ke samun yaran nan a wurin talla.

Anti Nas: Muna ganinsu Hajiya. Wasu ba su kai sha huɗu ba. Iyaye su zo suna roƙo a rufa asiri.

Maman Ikram: Shawarar Hajiya ta fi duk abin da na ji a tarukan bita. Sai dai la'adar dillaliya daga ribar uwar za ta fita, ita kuwa 'yarta kyauta take yi mata. Ribar awara nawa take da za a raba? Nan ne nake ganin masu rabon kaya za su yi amfani. Maimakon inji hamsin a layi ɗaya, kowa na murza taliya ba mai saye, a biya wa matan kuɗin teburi da rumfa da la'adar 'yan watanni, da sharaɗin 'ya'yansu suna aji, a riƙa duba rajista.

Ɗalibin BUK: Kuma kada a ce bashi zai magance. An yi ta yabon bankin Grameen na Bangladesh mai ba talakawa ƙananan basussuka, har Muhammad Yunus da ya kafa shi ya samu kyautar Nobel a 2006, amma binciken da aka wallafa a 2015 daga ƙasashe shida, ciki har da Indiya da Habasha da Maroko, ya nuna ƙananan basussukan nan suna ɗan faɗaɗa sana'a, ba su cika fitar da gida daga talauci ba.

Ustaz: Balle in da ruwa a ciki. Adashinmu ya fi.

Ummu Hanan: Adashi sai uwar adashi mai amana Malam, an sha gudu da na mutane.

Baban Sadiq: Ni har yanzu ina nan a kan bakata, in miji nagari ya fito ba zan ce ya jira digiri ba. Amma sakandare kam, a gama. Kuma ana iya rubuta sharaɗin ci gaba da karatu tun wurin ɗaurin aure, na ga an yi.

Barista: Ana yi, amma a rubuta a takarda da shaidu, Alhaji. Na baki sai ciki ya shiga a ce a bari ta haihu, ta haihu a ce a bari ta yaye.

Maman Amira: Salamu alaikum. Ban taɓa magana a zauren nan ba. Ni ce irin yarinyar da kuke faɗa. A aji biyu aka cire ni, na yi tallan shinkafa da wake, aka yi min aure, yanzu aure ya mutu ina gidanmu da yara biyu. Shekarata 24. Ina iya karanta Hausa, Turanci ne sai a hankali. Don Allah akwai inda irina za ta koma, ko lokaci ya wuce? Ina son in yi aikin asibiti ko na unguwa ne.

Maman Ikram: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bai wuce ba. Jihar nan tana da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Abubakar Rimi, kuma tana da cibiyoyin mata da ake karatu da koyon sana'a. Ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ki tambayi wadda ta fi kusa da ke. Akwai kuma Islamiyyun matan aure da ke haɗawa da boko har a zana jarrabawar gama sakandare. Ki yi min magana ta gefe, ina da littattafan Turanci da lissafi na ƙaramar sakandare da zan ba ki.

Anti Nas: In aikin lafiya kike so, ki sa ido a kan darussa biyar tun yanzu: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis. Sai da kiredit a cikinsu makarantun jinya da na kiwon lafiya ke ɗauka. Kada ki yarda a tura ki ajin da ba kimiyya don an ga kin girma.

Maman Amira: Na gode Anti, na gode Malama. Babbar tana firamare, ba matsala. Ƙaramin ne bai kai shekara biyu ba, mahaifiyata kuma tana fita aikatau da safe. Ana barin mutum ya shiga aji da goyo?

Maman Ikram: Wasu wuraren suna bari, wasu ba sa so. Ki fara tambayar masu ajin yamma, lokacin Mama ta dawo. Wace unguwa kike?